Saura Gwaji Ɗaya

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba kowa ba ce, karanta littattafan mutane kawai na iya, shi ma a ɓoye bayan an gama aikin gida. Wannan ne karo na farko da na ɗauki biro da niyyar ƙaga labari, har na yaga shafin farko sau huɗu. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri, mai koyon tafiya ba ya rasa tuntuɓe. To, bismillah.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, a tsakiyar bazarar shekarar 1999. Zafi ya kai inda kwanon rufin caji ofis yake ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa da tsakuwa. Sufeto Abdulbaƙi na zaune yana fifita da fayil, sai ya ji hayaniya tana tahowa daga wajen kara, inda ake cinikin shanu.

Kafin ya miƙe, Kofur Elijah ya faɗo ciki yana kare wata mata da jikinsa, a hammatarsa ga wata na'ura da aka farfasa wa gilashi. Ya tura ƙofa da ƙafa, ya danna sakata.

"Oga, sun kusa ɗari biyu," in ji shi yana haki. "Da na ƙara minti biyar da sai dai wani labarin."

Sufeto ya san matar. Dinah ce, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar wani banki da ya buɗe reshe a Gumel. Duk Alhamis takan kafa tebur a wata rumfa cikin kara, saboda sabon katin da bankin ya kawo wa fatake. Maimakon mutum ya ɗauki buhun kuɗi ya bi hanyar da 'yan fashi ke tarewa, sai a zuba masa kuɗinsa a kati ya rataya a wuya. Yanzu ga ta tsaye ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya.

Ya leƙa ta taga. Mutane sun cika filin gaban ofis, wasu da sanduna. A gaba akwai Alhaji Manu, dattijon Bafillace mai fataucin shanu daga wajen Ɗanzomo. Kusa da shi ga Dogo dillali, mai masaukinsa, yana ɗaga hannu yana ihu.

"A fito mana da ita! Ta cinye dukiyar bawan Allah da injin sihiri!"

Sufeto ya ɗauki wayar oba-oba ya kira Gumel. Di-Pi-O, shugaban ofishin nasu, ya tafi can taro da motar ofis, ita kaɗai ke gare su. Amsar da Sufeto ya samu gajera ce: babu mai, ya riƙe wurin har gobe. Ya ajiye wayar ya dubi mutanensa. Shi, Elijah, da kurtu ɗaya a kanta. Sauran duk suna kasuwa da bakin iyaka. Ya san da la'asar in kasuwa ta fara watsewa, ɗari biyun nan za su zama dubu, ƙofar kuwa ta katako ce.

Ya buɗe ya tsaya a baranda. "Alhaji Manu, me ya faru?"

"Kuɗin bijimai arba'in, yallaɓai," in ji dattijon. "Suna cikin katin nan. Yau na zo biyan shanun da na saya, na danna lambata, inji ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Zan yi na uku, yarinyar nan ta cafke hannun rigata. Mai gaskiya me zai sa ta hana ni?"

"Ka karya shi kawai, Alhajina!" in ji Dogo. "Karya tsinannen abu, banki ya biya ka!"

"Ba mai karya shaidar hukuma," in ji Sufeto, ya miƙa hannu. Alhaji Manu ya ciro 'yar jakar fata daga wuyansa ya ba shi. "Kai fa, Dogo, kana da irin katin nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ban taɓa riƙe shi da hannuna ba."

Sufeto ya koma ciki ya sa Dinah a sel, ɗakin tsare masu laifi.

"Ba don na kama ki ba, Malama Dinah. Shi kaɗai ne ɗakin da ke da ƙofar ƙarfe."

"Daga ciki duk ɗaya ne, yallaɓai," in ji ta, ta zauna a kan siminti.

Ya jawo benci, ya ciro katin ya nuna mata ta tsakanin ƙarafa. "Yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki. Ina kuɗin suke?"

"Ka ga ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya? Mutanen kara suna ce masa ido. Ba ado ba ne. A ƙarƙashinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Kuɗin a cikinta suke, da sunan mai katin, da lambarsa ta sirri. In an soka shi a na'ura sai ta ba shi wuta ya farka. Mai shi ya danna lamba huɗu. Na'urar ba ta san lambar ba, miƙa wa katin take yi, shi ne zai ce e ko a'a."

"Kamar mai gadi a bayan ƙyaure ke nan."

"Haka. Amma wannan mai gadin yana da zuciya. In aka yi masa kuskure sau uku a jere, sai ya kulle kansa. Daga nan sai an kai shi babban ofis a Legas, wata biyu ko uku. Shi ya sa na riƙe rigar Alhaji. Saura gwaji ɗaya ne."

"Kina nan ranar da ya zaɓi lambar?"

"Ina nan, amma na juya baya. Haka ƙa'idar take."

"Kowa haka zai ce." Sufeto ya share gumi. "To ko dai ya manta, ko kin taɓa katin."

"Akwai na uku, yallaɓai. Ko katin ba nasa ba ne. Duk kamarsu ɗaya, sai lambar da ke baya."

Ya juya katin. Inda lambar take an kankare shi fes, har farin roba ya fito.

"Da na'urata lafiya take, da na nuna maka sunan da ke ciki," in ji ta. "Sun fasa ta."

"Ita kaɗai ce a garin?"

"Akwai ɗaya a shagon Saviour mai injinan niƙa, bakin tasha."

Sufeto ya kira Elijah. "Cire kakin nan, sa kaftanin da ke rataye a ofishina. Ka fita ta ƙofar baya ka zo mini da Saviour da na'urarsa. Kada kowa ya gan ku."

Sannan ya sa aka shigo da Alhaji Manu. Dogo ya biyo shi har bakin ƙofa.

"Ni ne bakinsa a garin nan, yallaɓai."

"Na ga ya zo da nasa," in ji Sufeto, ya rufe ƙofa.

Dattijon ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna ya jingina da bango.

"Alhaji, anya ba mantuwa ka yi ba?"

"Mantuwa? Shanuna ɗari uku, kowace na san uwarta da kakarta. Lamba huɗu ce za ta gagare ni? Na ma rubuta ta, tana nan cikin karin hulata."

"Ta yaya kake gane katinka daga na wani?"

"Duk abin da na mallaka yana da shaidata. Tsaga biyu a kunnen hagu, tun daga kakana. Shanuna, butata, jakar nan. Ranar da aka ba ni katin na sa wuƙa na tsaga shi, yarinyar har faɗa ta yi mini."

Sufeto ya ajiye jakar da katin a kan tebur, duka suna fuskantarsa. Lalle akwai tsaga biyu a kusurwar katin, ta hannunsa na hagu. Amma tsagar da ke jikin jakar fatar tana ta hannunsa na dama. Ya daɗe yana kallonsu.

"Alhaji, ni ɗan birni ne, ka koya mini. In saniya ta fuskance ka, kunnenta na hagu yana ta wane hannunka?"

"Dama mana. Wannan ai ko ɗan yaye ya sani."

"Da za ka tsaga katin, ta ina ka kama shi?"

"Ta fuska, idon yana kallona. Dabba ai ta fuska ake kama ta."

"To rufe idonka ka riƙe wannan."

Alhaji Manu ya karɓa. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye kusurwar dama, ya shafa, ya sake shafawa. Sumul. Ya buɗe ido a hankali.

"Wannan an tsaga masa kunnen dama," in ji shi. "Ba nawa ba ne."

"Wanda ya yi shi ya ji ana cewa hagu, sai ya yanka hagunsa shi. Yaushe jakar nan ta bar wuyanka?"

"Ba ta barin wuyana. Sai wanka."

"Ina ka yi wanka?"

"A masaukina, jiya da yamma. Na rataye riga da hula da jaka a ƙusa." Ya ɗago kai da sauri. "Kul, yallaɓai! Shekara goma sha biyar ina sauka gidan Dogo. Kafin katin nan, buhun kuɗina a ƙarƙashin gadonsa yake kwana, ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba. Gidan cike yake da baƙi, ka nemi ɓarawonka a cikinsu."

Sufeto ya karɓi katin ya mayar kan tebur. A waje wani ya jefi rufin kwano da dutse, ƙarar ta cika ɗakin.

Azahar ta wuce kafin a ƙwanƙwasa ƙofar baya. Elijah ne da Saviour, wani kakkauran mutum daga kudancin Kaduna, ɗauke da na'ura cikin buhun gero. Idanunsa sai zarya suke tsakanin taga da sel.

"Saviour, wa ya yi amfani da na'urarka yau?"

"Ba kowa, Oga. Ko mutum ɗaya. Tun safe a rufe take."

"Yallaɓai, danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa," in ji Dinah daga cikin sel. "Za ta tofo duk abin da aka yi da ita yau."

Na'urar ta yi ƙara, ta turo 'yar siririyar takarda. Sufeto ya karanta da ƙarfi. "Bakwai da minti goma sha biyu, an ƙi lamba. Bakwai da sha uku, an ƙi lamba." Ya dubi Saviour. "Aljani ne?"

Saviour ya zauna a benci ba a ce ya zauna ba. "Oga, ina da 'ya'ya huɗu da shago cike da kaya. Na ga abin da aka yi wa 'yar'uwata a kara. In aka ji an taɓa kati a shagona, ni ne na gaba."

"Faɗi gaskiya, ita ce za ta tsare maka shagon."

"Wani dogon mutum ne, ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu, ido kaɗai ake gani. Amma Hausarsa ta nan ce. Ya ce zai sayi injin niƙa biyu, ragowar in ba shi a hannu. Yana duba wata takarda yana dannawa. Da ta ƙi sau biyu na ce masa na uku kullewa ne. Sai ya zare katin ya fita da sauri, takardar ta faɗi."

Ya laluba aljihu ya ciro yagaggen kwalin sukari. An rubuta 1709 da biro, a ƙasa kuma 9071.

"Alhaji, ara mini hularka."

Dattijon ya zaro 'yar takarda daga karin hular. Lambobi huɗu ne da tawadar allo, da rubutun Larabci, irin wanda malamai ke zana hatimi da shi. Sufeto ya yi shekara shida a gaban malami kafin a kai shi boko. Ya dubi takardar, ya dubi kwalin, ya yi wata dariya da ba daɗi a cikinta.

"Kofur, zo ka karanta mini wannan."

Elijah ya leƙa. "Ɗaya, bakwai, sifili, tara."

"Haka ɓarawon ma ya karanta. Shidan Larabci kamar bakwai ɗin boko take, biyar kuma kamar sifili. Da ta ƙi, sai ya tuna Larabci daga dama ake farawa, ya juya ta. Ta sake ƙi. Yanzu yana yawo da kuɗin bijimai arba'in a aljihu, ba shi da ikon taɓa ko sisi, kuma shi ma saura masa gwaji ɗaya."

Aka matsa da na'urar bakin sel. Dinah ta ciro katinta na ma'aikata daga cikin rigarta ta soka, ta danna lambarta, ta zare, sannan ta soka katin nan mai tsagar ƙarya. Haruffa suka fito a gilashi: SULE GARBA DOGO.

"Ni na ba shi a watan Janairu," in ji ta a hankali. "Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai abokan dillanci za su yi masa dariya."

"Ni ban iya karatunku ba," in ji Alhaji Manu, fuskarsa a murtuke. "Injin nasu ne. Abin da ta so shi zai faɗa."

Sufeto ya auna maganar. In mai dukiyar da kansa bai yarda ba, ina ga mutanen waje? In ya fita ya kama Dogo yanzu, za a ce an sayar da ɗan gari don a kuɓutar da baƙuwa.

"Kuma in ya tsorata ya jefa katin a rijiya," in ji Dinah, "kuɗin sun tafi tare da shi. Kafin banki ya yarda ya biya sai an shekara ana rubuce-rubuce."

Sufeto ya tsuguna a gaban dattijon. "Baba, ka ara mini sirrinka na awa ɗaya. In mai masaukinka mai gaskiya ne, ba abin da zai same shi, ni kuma zan roƙe shi gafara a gabanka."

Alhaji Manu ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Awa ɗaya."

Saviour ya mayar da na'urarsa cikin buhu, shi da Elijah suka fice ta baya. Umurnin Sufeto shi ne a buɗe shago kamar kullum, Elijah ya ɓuya a bayan akwatunan inji.

Sannan ya leƙa baranda. "Dogo, shigo. Za a rubuta bayanin Alhaji, ana bukatar shaida."

Dogo ya shigo yana gyara babbar riga, ya harari sel, ya zauna.

"Magana ta ƙare," in ji Sufeto yana rubutu. "Gobe da safe za a kai ta kotu a Gumel. Na'urorin garin nan kuma duk za a kwashe su a mayar Legas, an daina aikin kati." Ya ɗauki 'yar takardar hula ya ƙanƙance ido. "Sai lambar, dole ta shiga fayil. Ɗaya, bakwai, sifili, tara."

"Haba yallaɓai!" in ji Alhaji Manu. "Ba ka yi allo ba ne? Ɗaya, shida, biyar, tara!"

"Af, shida ce? Ka ga jahilci."

Sufeto bai ɗago kai ba, amma ta gefen ido ya ga leɓen Dogo yana motsi. Dogo ya dangwala yatsa a takarda, ya yi hamma, ya dubi agogon bango.

"Bari in je gida in yi alwala, la'asar ta gabato. Alhajina, ka kwantar da hankalinka, muna tare."

Ya fita. Alhaji Manu ya bi bayansa da kallo har ƙofa ta rufe.

Daga nan sai jira. Sufeto ya taɓa bin 'yan fashi cikin daji, amma bai taɓa jin abin da ya ji a wannan awar ba. Ba shi da ikon fita, don in ya bar ƙofar ba mai tsare ta. Ba ya ganin tasha daga taga. In Dogo ya yi wayo ya haƙura fa? In ya tsallaka iyaka, tafiyar da ba ta fi ta shan kofin shayi ba?

Aka kira la'asar, aka idar. Kasuwa ta fara watsewa, mutane suna kwararowa daga kara kamar an ɓalle madatsa. Filin ya cika, har kan katanga. Duwatsu suka ƙaru a kan rufi. Kurtun da ke kanta ya ɗauki bindigarsa.

"Ajiye ta ƙarƙashin kanta," in ji Sufeto. "Harsashi ɗaya ya tashi, dukanmu mun ƙone."

A cikin sel Dinah ta haɗa kai da gwiwa tana rera wata waƙar coci can ƙasa-ƙasa. Ta tsaya ta ce, "Yallaɓai, in suka shigo, ka gaya wa mamata a Pankshin ban ɗauki komai ba."

"Ke za ki gaya mata da bakinki."

Ya fita baranda ya ja ƙofar a bayansa, ya tsaya ya harɗe hannuwa. Wani ya kai wa ƙyauren taga sanda, katako ya tsage.

"Awa ɗaya ta cika, yallaɓai," in ji Alhaji Manu daga ciki.

Sai hayaniyar ta canja daga can baya. Mutane suna darewa biyu. Elijah ne cikin kaftani, yana tura wani dogon mutum mai rawani da ankwa a hannu. A bayansu ga Saviour ɗauke da na'ura a ka, kati na soke a bakinta.

"Oga, ya danna uku," in ji Elijah da suka hau baranda. "Na kama hannunsa kafin ta huɗu."

Sufeto ya kama bakin rawanin ya warware shi a gaban kowa. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan raƙuma daga kara.

"Katina ne!" in ji Dogo. "Mutum ba zai yi ciniki da katinsa ba?"

"Ɗazu a nan ka ce ba ka taɓa riƙe kati da hannunka ba. Duk sun ji." Sufeto ya zare katin ya miƙa wa dattijon, wanda ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. "Alhaji, duba kunnensa."

Yatsan Alhaji Manu ya tafi kusurwar dama. Ya tsaya a nan.

"Tsaga biyu," in ji shi. "Wuƙata ce."

Ya soka katin da kansa, ya rufe maɓallan da hannun rigarsa, ya danna. Na'urar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta yi ƙara sau ɗaya, koriyar fitila ta kama. Wani mai karatu daga cikin taron ya leƙa gilashin ya ɗaga murya: "Manu Ɗanzomo! Kuɗinsa suna nan cif!"

Dogo ya durƙusa.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

Dogo bai dube shi ba, Alhaji Manu ya duba. "Shekara goma sha biyar ni ne katinka, Alhaji. Ni nake riƙe maka, ni nake biya maka, da sunana ake yarda da kai a karan nan. Duk Laraba buhu goma ke kwana ƙarƙashin gadona. Yanzu sai ku zo ku ci tuwona, ku kwana da abinku a wuya kamar gidan ɓarawo kuka sauka. Na je na karɓi kati in ga abin da ya fi ni da shi. Jiya kana wanka na musanya, na kwafi lambar daga hula. Na kankare bayan nawa, na zaci shi ke nan. Ban san yana riƙe suna a ciki ba."

"Ita matar fa, da ka tara wa jama'a?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baƙuwa ce. Na ɗauka ba mai tsaya mata."

Alhaji Manu ya mayar da katin cikin jakarsa, ya rataya a wuya.

"Shi wannan, sau biyu ka tambaye shi ya ba da ni, ya ƙi," in ji shi. "Kai kuwa ba wanda ya tambaye ka."

Taron ya motsa. Sandunan da aka kawo domin Dinah suka juyo, muryoyin da suka bi Dogo ihu tun hantsi suka koma kiran sunansa. Ya rarrafa ya kama ƙafar wandon Sufeto.

"Yallaɓai, don Allah ka sa ni ciki! Ka kulle!"

Elijah ya ɗaga shi ya shiga da shi. Aka buɗe sel, Dinah ta fito, Dogo ya shiga da sauri har yana tuntuɓe, ya ja ƙofar ƙarfen da kansa. Sufeto ya koma baranda ya yi wa jama'a magana har sanduna suka sauka. Dattawa suka fara kora matasa, fili ya soma raguwa.

Wata mai fura ta matso ta ajiye takalmi ƙafa ɗaya a kan matakala, ta ce a kara ta tsince shi. Alhaji Manu ya ɗauka ya kaɗe masa ƙasa.

"Yallaɓai, kira mini yarinyar nan. A gaban mutane na zarge ta, a gabansu zan roƙe ta."

Sufeto ya shiga. Benci ba kowa. Ƙofar baya a buɗe take kaɗan, ɗayan takalmin yana ajiye a bakinta. Ya leƙa lungu, ya hango ta can nesa tana sauri ba takalmi, ta nufi inda motocin Gumel ke lodi. Bai kira ta ba.

Ya dawo ya miƙa wa dattijon ɗayan ƙafar. Alhaji Manu ya haɗa su biyu, ya sa a aljihun babbar rigarsa.

"Alhamis mai zuwa zan ba ta da hannuna," in ji shi. "Za ta dawo, ko?"

Sufeto Abdulbaƙi ya dubi fasasshiyar na'urar da ke kan kanta. Wannan tambayar ba ta cikin abin da bincike ke amsawa.

Ni ma tunda ƙofar bayan ba a rufe ta ba, kuma hankalin kowa yana baranda, bari in ajiye biron nan in bi sawunta, kafin wani ya waiwayo ya ce wa ya rubuta.